Kafin a ce ƙaddara ce, a sake tara makin

Lissafi nake koyarwa a wata kwaleji a nan Damagaram, shi ya sa duk ƙarshen shekarar karatu zauren gidanmu yakan cika. Maƙwabta su aiko yara da bilitin, wato takardar sakamakon makaranta, a ce a kai wa Mushe ya duba. Yawancinsu kalma ɗaya suke son ji daga bakina: ya wuce, ko bai wuce ba. In na ce bai wuce ba, sai a ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, a naɗe takarda a tafi. Da wuya ka ga wanda zai ce, Malam, a sake tara makin nan mu ga ko daidai ne.

Abin nan yana ci mini rai. Mutumin da zai tsaya gaban mai shago a Kasuwar Dole ya ƙirga canjin jika ɗaya dala bayan dala, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya, shi ne zai karɓi takardar da ta yanke wa ɗansa hukuncin shekara guda bai duba ko layi ɗaya ba. Na san dalili. Takardar da Faransanci take, ga hatimi, ga sa hannun direkta, iyaye da yawa kuma ba su zauna a aji ba. Sannan akwai tsoron da ba a faɗa: kada a je a yi magana, malami ya sa wa yaro ido. Duk da haka, hannun ɗan Adam ne ya rubuta lambar nan, kuma hannu yakan zame.

Ga yadda ake samun lambar. Kowane darasi a kan 20 ake ba da makinsa. Cikin zangon karatu malami yana yin gwaje-gwaje a aji, a ƙarshen zango kuma a yi babbar jarrabawa, wato kwampozisiyo. A makarantun da na sani, ana haɗa matsakaicin gwaje-gwajen aji da makin kwampozisiyo a raba biyu, sai a ninka abin da ya fito da nauyin darasin, wato kowefisiyan. Faransanci da lissafi sun fi sauran nauyi. A tara duka, a raba da jimillar nauyin, a sami mwayen, wato matsakaicin makin yaro gaba ɗaya. Wanda ya kai 10 ya wuce. Kafin maki ɗaya ya isa bilitin kuwa, sai ya tashi daga kan takardar yaro ya shiga littafin malami, daga nan ya koma babban rajistan aji, daga nan a kwafe shi kan bilitin ko a shigar da shi kwamfuta. Kwafa uku ke nan aƙalla, ga kowane yaro, a kowane darasi.

Mai kwafar nan kuma malami ne mai aji huɗu ko biyar, wani ajin ya haura ɗalibi 80. Ana yin aikin cikin zafin Mayu da farkon Yuni, sau da yawa da dare, wuta ta ɗauke, ana haskawa da fitilar waya, direkta na jiran makin da safe. Da yawa cikin abokan aikinmu ƴan kwantiragi ne, albashi ya yi jinkiri, hankali ya rabu biyu. Wanda ya ga yadda ake aikin ba zai yi mamakin kuskure ba. Mamakin da zai yi shi ne yadda ba a cika zuwa a nemi gyara ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu da muke kira Inna, mijinta ya rasu, ƙosai take soyawa a bakin hanya da safe. Ƴarta tana katiriyam, wato aji na uku a kwaleji, kuma maimaita ajin take yi, ma'ana in ta sake faɗuwa sallama ce, don ba a zama aji ɗaya sau uku. Inna ta shigo bayan la'asar da takarda a hannu.

"Malam, wai an kore ta. Na ce dai in kawo ka gani, don kada a ce ban nuna wa kowa ba."

Na ce, "Inna, zauna tukuna, bari in ɗauko bik."

Zangon farko yarinyar ta sami 10,05. Na biyu an rubuta 9,40, na shekara ya tsaya 9,72, majalisar malamai kuma ta tsaya kan 10. Na bi layi-layi, tarawa daidai, ninkawa daidai. A layin lissafi ne idona ya tsaya: gwaje-gwajen aji 12, kwampozisiyo 04. Yaro na iya faɗuwa daga 12 zuwa 4, yana faruwa, zazzaɓi ma kaɗai ya isa. Amma da na tambayi yarinyar, kanta a sunkuye, sai ta ce ita ta tuna 14 aka ba ta. Na ce ina takardar? Aka yi shiru. Sai Inna ta ce tsofaffin takardun makaranta duk suna cikin kwandon da take yagowa tana ƙunshe wa mutane ƙosai.

Ƙanin yarinyar ya ruga ya ɗauko kwandon, muka juye shi a kan tabarma. Takardar na can ƙasa. An riga an yage kusurwarta ɗaya, gefenta ya sha mai har ana ganin haske ta cikinsa, amma jan bik ɗin malami na nan raɗau a sama: 14/20, ga sunanta, ga kwanan wata. Na sake lissafi a gabansu. Da 14, matsakaicin darasin ya tashi daga 8 zuwa 13. Bambancin maki 5 ne, nauyin lissafi a takardarta 3, ya zama 15, jimillar nauyin 20. Mwayen na zango ya koma 10,15, na shekara 10,10. Lamba 1 ce kawai ta koma 0 a hannun wani, ita ce ta kori yarinyar daga makaranta.

Inna ta ce, "To Malam, yanzu mu talakawa za mu je mu ce wa malamai sun yi kuskure?" Na ce, "Inna, ba faɗa za mu je yi ba. Takarda biyu za mu aza musu a tebur, su da kansu za su gani." Kawun yarinyar ya riga ya fara maganar wani mai neman aurenta a ƙauye, tun da karatu ya ƙi. Wannan ba baƙon labari ba ne a ƙasarmu. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ƴan shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Yarinyar da aka sallama daga katiriyam, an san inda hanyarta ta nufa.

Washegari muka tafi makarantar tare, amma ba ofishin direkta muka fara shiga ba. Malamin lissafin muka nema, muka keɓe da shi a inuwar dogon yaro, nesa da ɗalibai. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Malamin da aka tsallake shi aka kai ƙararsa sama, ko aka tsare shi gaban yara, zai tsaya kare mutuncinsa, a manta da makin. Ya buɗe littafinsa, 14 na nan a rubuce da hannunsa. A wurin kwafewa zuwa rajista ne abin ya faru. Ya yi salati, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan laifinmu ne," shi da kansa ya ja mu zuwa wurin direkta. Direkta ya ce majalisa ta riga ta zauna, saboda haka ba zai taɓa komai da baki ba, sai an kawo ƙorafi a rubuce. Gaskiyarsa ne. Muka rubuta wasiƙa gajera: sunan yarinya da ajinta, darasin, makin da ke bilitin, makin da ke kan takarda, da roƙon a gyara. Muka yi kwafi biyu, muka haɗa da hoton takardar, asalinta kuma ta zauna a hannunmu. Na roƙi a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu. Aka sake bilitin, yarinyar ta shiga turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, da aka koma makaranta.

Duk mai yaro a kwaleji ko lise, ya sama wa takardun gwaji wata jaka ko tsohon kwali, kada ko ɗaya ta bar gida sai bilitin na ƙarshen shekara ya fito an gwada su da shi. Ba tare da takardar ba, maganar yaro ce da maganar rajista, kuma rajista ce za ta yi nasara. Kuma a yi sauri. Da zarar an shiga hidimar BEPC da Bak, wato jarrabawar gama kwaleji da ta gama lise, malamai sun watse zuwa tsaron jarrabawa da gyaran takardu, daga nan damina ta kankama kowa ya nufi gona ko garinsu. Ƙorafin da za a warware cikin yini ɗaya a farkon Yuni, in aka bar shi sai Oktoba, an riga an rufe jerin sunaye.

Sai dai ba kowane maki ne ake iya ja da shi haka ba, kuma ya kamata iyaye su bambance. Akwai kuskuren hannu: an tara ba daidai ba, an kwafe ba daidai ba, an tsallake shafi ba a gyara shi ba, an rubuta yaro bai zo ba alhali ya zo, an ba shi makin mai irin sunansa. A ajin da ke da Musa Ibrahim uku, wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne. Irin wannan ba ya buƙatar gardama, ido ne shaidarsa. Akwai kuma hukuncin malami: ya karanta insha'in Faransanci ya ce 9 ya dace da shi, uba na ganin 12 ya kamata. Wannan yana da wuyar sauyawa, kuma bai kamata ya zo da sauƙi ba, don in kowane mai ƙarfin murya zai iya matsa wa malami ya ƙara, makin ɗan mai kuɗi ne kawai zai riƙa hawa. Abin da uba ke da haƙƙin nema a nan shi ne a nuna masa ma'aunin da aka bi, wace tambaya maki nawa, a ina yaron ya rasa.

Bilitin da yawa da aka kawo mini, na tara na sake tarawa na tarar daidai suke. Yaron bai yi karatu ba ne, ko an tura shi aji na gaba tun firamare bai iya karanta Faransanci sosai ba. Nakan faɗa wa uban haka ba ɓoye-ɓoye, ko da ransa zai ɓaci. Wani kuma sai ya matso kusa ya rage murya ya ce, "Mushe, ba za ka yi wa abokinka magana a ɗan taimaka masa ba?" Wani ya zo da ambulan, wani ya ce zai bi ta hannun wani babba. Waɗannan su ne suka ɓata sunan ƙorafi, har ya zama in talaka ya zo da takardarsa ta gaskiya sai a dube shi kamar mai neman alfarma. Mai neman gyara yana so a rubuta abin da yaro ya samu. Mai ambulan yana so a rubuta abin da bai samu ba, a kuma ture ɗan wani daga gurbinsa.

Akwai wani abu mai nauyi da ba zan tsallake ba. Wani lokaci maki yakan faɗi da gangan, saboda ƙiyayya, ko saboda yarinya ta ƙi amsa kiran da bai dace ba. Ba kullum ba ne, amma duk malamin da ya daɗe a aiki ya ji labari. In yarinya mai ƙoƙari ta rushe a darasi ɗaya tak, ta kuma fara ƙin zuwa makaranta ranar darasin, uwa ta zaunar da ita a ɗaki ta tambaye ta a hankali. A irin wannan ba a fara zuwa wurin malamin. Wurin direkta ake zuwa, tare da wani daga ƙungiyar iyayen yara ko kwamitin kula da makaranta, wato COGES, a roƙi wani malamin darasin ya sake duba takardar ba tare da ya ga suna ba. In makarantar ta yi kunnen ƙashi, akwai ofishin masu duba makarantu a sama da ita.

Jarrabawar ƙasa kuma wata duniya ce daban. A BEPC da Bak ana rufe sunan ɗalibi kafin takarda ta isa hannun mai gyara, lamba ce kawai yake gani. Juri ke zama ya duba maki ya yanke hukunci, wanda ya kai ya wuce a zagayen farko, wanda ya kusa a ba shi damar zagaye na biyu. A tsarin da muka gada daga Faransa, hukuncin juri kan darajar amsa shi ne na ƙarshe, ba a sake gyara takarda don ɗalibi bai gamsu ba. Abin da ake dubawa shi ne kuskuren hannu. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, ko ka faɗi, kada baƙin ciki ya hana ka neman takardar makinka dalla-dalla. Yaro yakan ji ba a kira lambarsa ba, ya fice daga cibiya yana kuka, ya ƙi sake waiwayar wurin. In da ya duba, wataƙila ya ga sifili a darasin da ya cika shafi huɗu, ko ya ga babu makin wasannin motsa jiki da ya yi da ƙafarsa. A shekarar 2021 waɗanda suka ci Bak a Nijar ba su kai kashi 23 cikin 100 ba, BEPC kuma kusan ɗaya cikin biyar ne ya samu. Inda faɗuwa ta yi yawa haka, ba wanda ke zargin kuskure. Kowa ya ɗauka ɗansa ya bi ayari ne, wanda aka zalunta kuma ya ɓace cikin taron.

Wasu na cewa kwamfuta za ta kawo ƙarshen wannan duka. Tana rage kuskuren tarawa, na yarda. Amma mu da ke sauraron gidajen rediyon Kano mun ji abin da ya faru a Najeriya a 2025. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fitar da sakamako iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka, har shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito a watan Mayu ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ya nemi gafara yana hawaye, aka sake musu jarrabawa. A watan Agusta na shekarar, WAEC, hukumar jarrabawar gama sakandare, ta fara sanar da cewa kashi 38 cikin 100 ne suka ci darussa biyar har da Turanci da lissafi, bayan ƴan kwanaki ta gano kuskure wajen gyaran wasu takardu, adadin ya koma kusan kashi 63. A Ingila ma, da korona ta hana zaman jarrabawa a 2020, an sa na'ura ta daidaita makin da malamai suka bayar, tana la'akari da sakamakon da kowace makaranta ta saba samu a baya. Kusan kashi 40 cikin 100 na makin ta rage, yaro mai hazaƙa a makarantar talakawa ya fi kowa cutuwa. Sakamako ya fito ranar 13 ga Agusta, ɗalibai suka fito titi, ranar 17 gwamnati ta janye tsarin. A duk wuraren nan uku, mutane ne suka ce lambar nan ba tamu ba ce kafin a koma a duba. Ni kuma hukumar da ta fito ta ce ta yi kuskure ta gyara, ƙara yarda da ita nake yi.

A Faransa, inda muka ɗauko tsarin, ɗalibi na da damar neman ganin takardarsa ta Bak da aka gyara har tsawon shekara ɗaya bayan fitar sakamako, yana kuma da wata biyu na shigar da ƙorafi. Ba sai ya san kowa ba. Abin da nake fata a nan shi ne a kusa da kowane allon da ake liƙa sakamako a liƙa wata takarda, da Faransanci da Hausa, mai cewa: in kana ganin an yi kuskure, ga inda za ka je, ga abin da za ka kawo, ga ranar da za a rufe. A kuma karanta ta a rediyo saboda iyayen da ba su karatu. Kuma wurin zuwan ya kasance nan cikin Damagaram. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne. Uban da ke Mirya ko Magarya ko Tanut, in aka ce masa sai can, an riga an ce masa ya haƙura.

Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne na cikin makaranta, kuma na kai shi taron kwamitinmu. Na roƙi abu biyu. Na farko, kowane malami ya karanta wa ɗalibai makinsu a aji, kowa da takardarsa a gabansa, kafin a shigar da shi rajista. Na biyu, a raba bilitin na wucin gadi kwana uku kafin majalisar malamai ta zauna, don a kawo gyara tun ba a yanke hukunci ba. Na farko an karɓe shi nan take, don ba ya cin ko dala. Na biyu direktanmu ya ce lokaci ya yi ƙaranci a ƙarshen shekara, kuɗin takarda da tawada kuma zai ninka. Shugaban iyayen yara ya ce in kuɗin takarda ne su za su duba abin da za su iya. An ɗage maganar zuwa taron farkon shekara, ni kuma na riga na lissafa abin da bugun zai ci aji-aji, zan je da shi a rubuce.